Ƙwallon da Aka Cuɗa da Toka

Ranar da aka sauko da Zibele daga keken shanu a bakin kantin ƙauyen Mtonjeni, matarsa Nosisa ba ta yi kuka ba. Tsayawa ta yi tana duba shi daga sama har ƙasa, yadda ake duba maraƙin da aka tsamo daga kogi. Ƙafafu suna nan, idanu suna nan. Kafaɗar dama ta karkace, manunin hannun dama kuma babu shi, dutse ya tafi da shi a ramin zinariya na birnin Goli. A wannan shekarar kaɗai, maƙwabtanta biyu akwati da bargo aka kawo musu a madadin miji. Nata ga shi a tsaye, da bakinsa, har yana tambaya ko akwai kindirmo a ƙwarya.

Dattawan gari da suka zo gaisuwa kuwa, ba wanda ya tambayi yadda mutumin zai riƙe garma. Hannun suka zuba wa ido suna girgiza kai.

"Kash, hannun jifar! To wa zai tsorata mana 'yan ƙauyen Dubeni bana?"

Haka mutanenmu suke, kuma abin da ban haushi. Rami zai haɗiye samarin gari ɗaya bayan ɗaya, su ce ikon Allah, su gyara zama, su cika lofe da taba. Amma a taɓa wasan kurket na Kirsimeti, wasan nan na jifar ƙwallo da bugunsa da sanda, sai ka ga tsoho ya miƙe ba sanda.

Gaskiya ne, kafin hatsarin babu mai jifa irin Zibele a duk ƙauyukan bakin kogin Keiskamma. Yakan taho a guje tun daga katangar coci, ya wulwula hannu, ƙwallon ya daki tabarmar wasa ya taso kamar an harbo shi. Masu bugu da yawa sun gwammace su bar masa turakun nan uku da suke karewa da su bar masa haƙoransu. A wurin dattawa wannan kaɗai ne jifa. Namiji ya jefa da ƙarfi, namiji ya buga da ƙarfi, ƙauyen da ya ci wasa ya saɓa tsagin rago ya tafi gida ana waƙa. Haka suka tarar, haka suke so su bari.

Sai kuma maganar wando. Ƙungiyar Mtonjeni fararen wanduna goma sha ɗaya gare ta, na buhun fulawa, ɗinkin matan coci. Duk wanda ke cikin 'yan wasa, wandon a gidansa yake zama. Ko yana Goli, wandon na jiransa a ƙasan akwati, tunda kowa na dawowa Kirsimeti. Ranar wasa da yamma, bayan an tashi, matar shugaban ƙungiya takan bi 'yan wasa da kwando. Wanda aka ce ya gama, sai ya tuɓe ya jefa a ciki. Daga ranar ya koma gindin wuta wurin tsofaffi, yana juya nama yana ba da labarin da. Shugaban kuwa shi ne Baffa Mabandla, yayan mahaifin Zibele, mai wa'azi a coci ranar Lahadi, kuma yana da ɗa mai suna Bangani wanda ya daɗe yana jiran wando.

Wata safiya Zibele na zaune yana murza masara da hannun hagu, ba tare da ya ɗaga kai ba ya ce, "Maman Tozama, in na jefa wandon nan a kwando, zan je wurin mai ɗibar lebura in dangwala yatsa. Bayan sabuwar shekara kekensa zai tashi."

"Wane yatsan? Wanda ka baro musu can?"

"Akwai saura."

"To kai musu. Ka riƙa kai musu ɗai-ɗai, in sun ƙare ka kai musu kan."

"Ba wasa nake yi ba, Nosisa. Ko talatin ban yi ba. In zauna gindin wuta tsofaffi suna yi mini sannu? A ƙarƙashin ƙasa ba mai yi wa wani sannu."

Ta san mijinta. In ya faɗi abu da wannan muryar, ya riga ya zauna. Ta kuma san wanda ke da irin wannan kafaɗar ba ya kauce wa dutse. In ya sake hawa keken nan, akwati da bargo za a kawo mata.

"To ka yi jifar mana, ka riƙe wandonka," in ji ta.

Can ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da wani tsohon ƙwallo wanda ƙungiya ta yar tun da daɗewa, kare ya ɗan tauna shi, fatar ta yi kaushi kamar diddigen mai aikin gona.

"Zo ki ga wani abu. Kada ki yi dariya."

Bayan garken awaki akwai wani fili mai tauri. Ya kifa garwar kananzir a can gefe, ya ce ta tsuguna a bayanta. Bai yi gudu ba, kafaɗar ba za ta yarda ba. Taku kaɗan ya yi, ya ɗaga hannu, ya murɗa wuyan hannun. Ƙwallon ya taho a hankali, yana lilo a iska, har Nosisa ta ga ɗinkinsa yana juyawa. Ya sauka can dama da garwar. Ta miƙa hannu dama. Ƙwallon ya karya hagu ya ƙwale mata ƙauri.

"Wayyo ƙafata! Baban Tozama, mene ne wannan?"

"A asibiti na gano shi, da lemo. Ina kwance ba abin yi. Da yatsan nan ya tafi, dole sauran su murza abu kafin su sake shi."

"Sake jefowa."

Ya sake. Wannan karon ta shirya wa hagu, ƙwallon ya karya dama ya bugi garwar, awaki suka watse.

"Kai, maƙaryaci ne ƙwallon nan," in ji ta tana sosa ƙauri, tana dariyar da aka ce kada ta yi. "Kai ma maƙaryaci ne. Hannunka ya ce hagu."

Tun daga lokacin girbin masara har damina ta sauka, kullum da rana tsaka, sa'ad da mutane ke kwance a inuwa, suna bayan garken. Da farko rabin jifar a cikin shinge take ƙarewa. Wani lokacin kafaɗar ta riƙe, ya durƙusa yana cizon leɓe, ta dafa masa da ruwan zafi su koma. Ƙaurinta ya yi baƙi ya yi kore, har wata mata a rafi ta ja ta gefe tana tambaya a hankali ko rami ya taɓa masa kai ya fara dukanta. Nosisa ta ce a'a, akuya ce. Ta koyi kallon wuyan hannunsa, ta fara tare ƙwallon a zaninta, ta fara faɗa masa gaskiya ba sakayawa. "Wannan ko Tozama sai ta buga shi." "Wannan ya yi." "Wannan ya yi sosai, sake."

Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti suka gayyato Baffa Mabandla ya gani. Ya tsaya da sandarsa, gemu a gaba, ya kalli jifa biyu.

"Ɗana, wannan jifa ce ko miƙa wa baƙo ƙwarya?"

"Baffa, ka duba yadda yake karyawa."

"Na gani. Ƙasar ce ba daidai ba, ga kuma ƙwallon kare ya ci rabinsa. Mu a nan ba ma yi wa abokin wasa wayo. Mu fito mu nuna ƙarfi." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Saboda mahaifinka, Allah ya jiƙansa, zan ba ka zubi biyu. Jifa shida-shida. Ka yi sallama da fili kamar namiji. Da yamma Goggonka za ta zo da kwando."

Nosisa tana durƙushe a gefe, kai a ƙasa. Surukar gida ba ta tanka wa yayan uban miji, ko sunansa ba ta kamawa. Amma abin ya ba ta haushi. Mutum ya ga abin da bai taɓa gani ba da idonsa, maimakon ya ce a sake, sai ya ɗora wa kare laifi.

Ranar wasa gari ya waye garau, tuddai sun yi kore shar. Tun da safe aka shimfiɗa tabarmar igiya a tsakiyar fili, aka ja ta, aka kafe da ƙusoshi. 'Yan Dubeni suka iso a kan dawakai da kekunan shanu, matansu da fararen laima suna waƙar coci. Ragon yana rataye a reshen ƙaya, an tsaga shi biyu. Nosisa tana cikin mata a gefen fili wurin manyan tukwane, ana dafa masara da wake, ita kuma an ba ta cuɗar tukwanen da aka juye, da toka da yashin rafi.

Baffa Mabandla ya fito da ƙwallon ƙungiya daga cikin ƙyalle kamar mai fito da jariri. Sabo ne, ja wur, daga birnin Monti aka sayo shi. Kowace Lahadi bayan coci yakan zauna ya shafe shi da kitsen wutsiyar rago, ya goge, ya sake shafawa, don kada ya tsufa. Yana ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Nosisa ta hango shi daga nesa, ta tuna da tsohon ƙwallonsu mai kaushi. Duk watannin nan, ba su taɓa tunanin ƙwallo mai santsi ba.

Mtonjeni suka fara bugu, ba su tara abin kirki ba. Bayan an ci abinci Dubeni suka shiga, kuma suna da Dumile, wani ƙato mai aikin dako a tashar jirgin ruwa, wanda sandar bugu ke zama kamar muciya a hannunsa. Masu jifar Mtonjeni suka yi ta tahowa a guje suna haki, shi kuwa yana ta aika ƙwallon cikin gonar masara. Ƙarfin da dattawa ke taƙama da shi, Dumile abincinsa ne. Makin Dubeni ya haura rabin abin da suke nema, mutum biyu kawai aka fitar musu. Sai Baffa Mabandla ya ɗaga sanda ya nuna Zibele, kamar mai cewa tunda rago ya riga ya tafi, a bar yaro ya yi sallama.

Jifar farko ta suɓuce daga yatsunsa, ko tabarma ba ta taɓa ba. Dumile ya ɗauke ta har bayan coci.

"Zibele!" wani ya ƙwala daga cikin 'yan Dubeni. "Ka manta sauran jifar a Goli ne?"

"Ku ba shi kujera ya jefa a zaune!"

"Dumile, bi shi a hankali, majinyaci ne!"

Ta biyu ma ta suɓuce, ta uku haka. Nosisa ta ga yana goge hannu a wando, ta ga yadda yake jujjuya ƙwallon yana neman wurin kamawa babu. Ta daina cuɗar tukunya. Can gefe ta hango Goggo Nomenti, matar Baffa, ta jawo kwandonta kusa da ƙafa. Bangani na zaune a kan dutse yana kallon wandon Zibele, ba ma fuskarsa ba.

Kafin jifa ta ƙarshe ta zubin farko, masu bugu sun yi musayar wuri, yanzu abokin Dumile ne a gaban turaku, wani siriri mai gashin baki. Zibele ya sunkuya ya dumbuzi ƙasa ya murza a tafinsa, ya kama ƙwallon a kan ɗinki. Wannan karon yatsun suka samu abin riƙewa. Ƙwallon ya yi lilo, ya sauka can waje, bayan ƙafar mai bugun. Mutumin ko sanda bai ɗaga ba, ya ma fara murmushi. Ƙwallon ya karya, ya zagaye shi ta baya, ya ture turke. An fitar da shi ke nan.

Mai gashin bakin ya waiwaya ya kalli turakun, ya kalli Zibele, ya sake kallon turakun.

Daga cikin dattawan Dubeni wani tsoho mai suna Sikiti ya miƙe. Shi ma dattijon coci ne, da kwat da agogon sarƙa. Ya ratsa fili har tsakiya, ya karɓi ƙwallon daga hannun alƙalin wasa, wani malamin makaranta mai tsoron hayaniya. Ya kai shi hanci.

"Mabandla! Zo nan. Kitsen mene ne wannan?"

"Kitsen rago."

"Kitsen rago! Ni za ka gaya wa? Tun kana rarrafe nake kallon kurket, ban taɓa ganin ƙwallo ya bi mutum ta baya kamar karen maƙwabci ba. Yaron nan daga Goli ya dawo, mun san abin da ake sayarwa a Goli. An haɗa magani da kitse an shafa."

"Sikiti, ka iya bakinka! Ni mai wa'azi ne!"

"Shi ya sa abin ya fi muni. Ko a wanke ƙwallon nan yanzu a gaban kowa, ko mu ɗaura shanunmu mu tafi, mu kuma faɗa wa kowane ƙauye dalili."

"A wanke? Da ruwa? Ƙwallon Monti? Sai dai ku tafi!"

Ga mutanen da suka yi makarantar mishan, suna karanta jarida, suna rera waƙar coci da murya huɗu. Sun ga mutum ya yi abu sabo a gabansu, kuma a cikinsu duka ba wanda ya yi tunanin ya tambaye shi, "Yaya ka yi?" Ya fi musu sauƙi su yarda da boka da su yarda cewa wani ya zauna ya koyi abin da su ba su iya ba.

'Yan Dubeni suka fara miƙewa. Nosisa ta ga abin da zai biyo baya sarai. In aka watse yanzu, babu zubi na biyu. Za a ce mijinta ya jawo wa gari abin kunya, kwando zai zo, bayan kwando kuma keken mai ɗibar lebura. Ta dubi Zibele yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili. Ta dubi hannuwanta, sun yi fari da toka, yashi ya maƙale a farce. Ta dubi gindin tukunyar da take cuɗa, inda maiƙo ya fita ƙarfe ya yi kaushi.

Ba za ta iya shiga fili ba, ba za ta iya yi wa Baffa magana ba. Amma ba wanda ya hana mace yi wa mace magana, kuma ba wanda ya ƙayyade ƙarfin murya. Ta miƙe ta fuskanci matan Dubeni da ke ƙarƙashin laimominsu.

"Ku matan Dubeni! Mazanku ba su taɓa wanke tukunya ba ne? Wai ruwa! Ruwa yana fid da kitse? In da gaske kuke, ga toka ga yashi. Ku cuɗe shi da hannunku har ya fita tas. Sunan mijina kuke ɓatawa, ni kuwa ina so a wanke sunan nan a gaban kowa."

Matar Sikiti, wata dattijuwa mai ƙiba da damtse kamar na maƙeri, ta naɗe laima.

"Ji yarinya da baki! Kawo tokar. Ni da na cuɗa tukwanen biki tun ba a haife ki ba."

"Ungo, Inna. Kada ki tausaya masa."

Goggo Nomenti ta leƙa fuskar Nosisa, ta daɗe tana kallonta, sannan ta je ta yi wa mijinta raɗa cewa in ya ƙi, kowa zai ce akwai abin da yake ɓoyewa. Baffa Mabandla ya juya baya don kada ya gani. Matar Sikiti ta zauna ta ware ƙafafu, ta sa ƙwallon a cinya, ta yi masa cuɗar da ba a taɓa yi wa tukunya ba. Toka, yashi, ɗan ruwa, toka kuma. Jan ya dushe, ƙyallin ya tafi, fatar ta tashi. Da ta gama ta kai shi hanci, ta miƙa wa mijinta shi ma ya sansana.

"To," in ji Sikiti. "Yanzu mu ga ƙaryar."

Wani ya yi zubinsa daga ɗaya gefen, Dumile ya ƙara maki. Sannan aka miƙa wa Zibele ƙwallon. Nosisa ta ga lokacin da ya taɓa tafinsa. Ya tsaya cak. Ya murza shi da babban yatsa, ya jefa sama ya cafe, ƙwallon yana ƙugi a iska. Ya ɗago kai yana neman ta cikin mata. Ta sunkuyar da kai ta kama cuɗar tukunyar da ta riga ta fita tas, tana danne dariya da haƙori.

Dumile ne a gaban turaku. "Zo, majinyaci," in ji shi, "an wanke maka asirin."

Jifar farko ta sauka a gabansa, ya kai mata duka da duk ƙarfinsa, ya bugi iska har ya juya kamar mai rawa. Ta biyu ya shirya wa hagu, ta karya dama ta bugi cinyarsa. Nosisa ta ji zafin a nata ƙaurin, ta ce a ranta, sannu, na san wurin. Ta uku Zibele ya ɗaga ta sama sosai, a hankali, kamar kyauta. Dumile ya kasa haƙuri. Ya baro wurinsa ya taho da gudu zai tare ta tun ba ta sauka ba, ta nutse a gabansa, ta karya ta wuce. Mai tsaron baya ya cafe ya ture turakun, Dumile na can tsakiyar tabarma yana waige.

Ihun da Mtonjeni suka yi, sai da dawakan Dubeni suka tsinke igiya. Kafin zubin ya ƙare an sake fitar da wani, ya ɗaga ƙwallon sama ya faɗa hannun mai tsaro kamar an aiko masa. Zubi biyun da aka yi alkawari suka cika. Zibele ya miƙa wa alƙali ƙwallon, ya juya zai koma bakin fili.

"Ina za ka?" Baffa Mabandla ya daka masa tsawa daga gefe, ya manta da gemu ya manta da wa'azi. "Wa ya ce ka tafi? Koma ka ci gaba da miƙa musu ƙwaryar!"

Sauran 'yan Dubeni suka riƙa shigowa suna fita. Wani ya rufe ido ya kai duka. Wani ya ƙi ɗaga sanda sam, ya tsaya ya tare da ƙafa, alƙali ya ɗaga masa yatsa alamar ya fita. Sun ɗan ƙara maki, don ba kowace jifa ce ta yi daidai ba, kuma kafaɗar ta fara ciwo, Nosisa na ganin yadda yake riƙe ta tsakanin jifa da jifa. Har sai da Dubeni suka matso kusa ƙwarai, mata suka daina magana. Na ƙarshensu ya kai wa wani ƙwallo duka, ya taɓa gefen sanda, ya tashi sama, ya sauka a hannun mai tsaron baya. Mtonjeni sun ci wasa. Nosisa ba ta yi guɗa tare da sauran ba. Zama ta yi daɓas a kan tukunyar da ta kife, ta rufe fuska da hannu mai toka.

Rana ta yi sanyi, aka sauko da tsagin ragon, samari suka saɓa. Goggo Nomenti ta ɗauki kwandonta ta bi layin 'yan wasa. Ta tsaya gaban wani mai furfura wanda ya zubar da ƙwallo sau biyu a ranar, ya tuɓe ba musu, Bangani ya samu wandonsa ta can. Da ta zo kan Zibele ko tsayawa ba ta yi ba. Ta wuce, ta zo inda Nosisa take, ta dube ta da fuskar toka.

"Je ki wanke fuskarki, 'yar nan. Gobe kuma ki wanke wandon mijinki, ya sha ƙasa." Ta rage murya. "Toka da yashi, ko? Allah ya shirye ki."

Baffa Mabandla bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, irinsu ba sa faɗa. Yana riƙe da ƙwallonsa da ya koɗe, yana shafa shi kamar an yi masa rasuwa, ya ce wa Zibele har yanzu wannan ba jifar maza ba ce, amma tunda ƙwallon ya riga ya lalace, sai ya tafi da shi gida ya riƙa motsa hannu. 'Yan Dubeni kuwa suka koma suna cewa ashe maganin ba a ƙwallon yake ba, a hannun yake, a gurbin yatsan da ya ɓace. Shekara da shekaru suna faɗin haka, har lokacin da Zibele ya yi furfura yana jefa wa jikokinsu ƙwallo suna bugun iska. Samari daga ƙauyuka masu nisa sun zo sun koya a wurinsa, su ne suka fara tambayar da dattawa suka kasa yi. Ƙaurin Nosisa dai ba wanda ya taɓa tambayar labarinsa.

Bayan sabuwar shekara, da hantsi, keken mai ɗibar lebura ya tashi daga bakin kanti. Nosisa tana rafi ta ji ƙarar ƙafafunsa a kan duwatsu, ta ji kukan matan da suka yi rakiya, dattawa kuwa na zaune a inuwar kanti suna cika lofe. Ba ta ɗaga kai ba sai da ƙarar ta ɓace bayan tudu. Sannan ta duba can gangare. Zibele na cikin gona, ya ɗaura igiyar shanu a kafaɗar hagu, yana ta faɗa da garma, layin ya karkace kamar jifarsa.

Ta matse farin wandon, ta kaɗa shi, ta hau da shi gida ta shanya a kan shinge, ta gefen hanya, inda duk mai wucewa zai gani.